Rana Ta Dawo Svolvær

Aslaug ta fara da ajiye mataji.
Ta ce fatar kanta zafi take,
ko silin gashi ba ya son taɓi.
Na ce: shekara saba'in da huɗu,
tsufa ne, ba ya sallama in zai shigo.

Sai busasshen kifin da muke ci tun aurenmu
ya gagare ta.
Tauna uku, muƙamuƙi ya ƙage,
ta huta ya saki, ta koma ya kama.
Likitan haƙori ya ƙwanƙwasa ko'ina,
ya ce lafiya lau.

Lokacin duhun hunturu ne,
rana ta yi makonni ba ta leƙo tsibirinmu ba.
Tana saƙa safa a gindin fitila
labule ya sauko mata a idon hagu,
ya ɗage.
Ba ta gaya mini ba.
Ran Alhamis ya sauko, bai ɗage ba.

A asibitin Bodø
Dakta Eldrid ta ɗora yatsa a gefen goshinta.
Jijiyar ta kumbura, ta yi tauri kamar igiyar jirgina,
ba ta bugawa.
Jini ya nuna wuta na ci a ciki.
A allon na'ura, baƙin zobe ya kewaye jijiyar
kamar wanda kan kewaye wata.

Ta ce: ba za mu jira sakamako ba,
na dama muke tsere wa ceto.
A daren suka ɗaura mata ruwan magani.
Daga baya suka yanko guntun jijiya,
bai kai gaɓar yatsa ba,
suka ga ƙattin ƙwayoyi sun taru a bangonta
sun tare wa jini hanya.

Na tambaya: na hagun fa?
Ta kalle ni, ba ta yi mini ƙarya ba.

Yanzu maganin ya kumbura mata fuska,
ya tayar da suga, ya hana ta barci,
ƙashi ma sai an lallaɓa.
Babbar jijiyar ƙirji kuma
za su riƙa leƙa ta, kada ta buɗe a ɓoye.

Ni da na shekara talatin ina karanta teku
na kasa karanta mataji a kan tebur.

Jiya rana ta fito, minti kaɗan.
Aslaug ta juya kai kamar tsuntsuwa,
ta ba ta idon dama.
Ta ce: Torleif, matsa,
ka tare mini.