Lissafi a Bayan Ƙyaure

Asumana ya zo ran Lahadi, ran kasuwar Tawa,
da takardu a hammata da murmushin mai neman sa hannu.
Ya ce, "Mushe, ga katin ƙungiyar masu mota,
jikka ashirin da biyar, shekara guda cur.
Goma cikin ɗari za a sauke maka a bidanji,
ka sayi taya huɗu, a yafe maka kuɗin ɗauri,
in ta mace a hanya motar ja ta zo kyauta,
muddin ba ka wuce kilo talatin daga gari ba."

Na ce bar mini takardar in kwana da ita.

Da dare na ɗauko guntun alli, ragowar lakwal.
Shekara talatin da ɗaya ina koya wa 'ya'yan mutane tarawa da ɗebewa,
yau ga ni ɗalibin kaina a bayan ƙyauren ɗaki.

Bidanji sau uku a shekara.
To, in ji tsoron Allah, sau biyu.
Taya kuwa, tun da Fijon nan ta shigo hannuna
ba ta taɓa taka sabuwa ba,
'yar Kwatano take sawa, kamar takalmin mai ita.
Ragin asansi yana can gidan mai mai fitilu,
ni ko wajen ɗan ruwa-ruwa nake tsayawa,
kwalba biyu, da gaisuwa, da labarin Ƙonni.

Garejin da ke cikin takarda ba na Tankari ba ne,
Tankari mai jin ciwon inji da kunne
tun motar tana kwanar masallaci,
mai goge hannu a riga ya ce,
"Tafi da ita, ka kawo in fansho ya fito."
Wannan kashi nawa ne cikin ɗari?
Allina bai sani ba.

Na ja layi. Ragi duka jikka bakwai.
Ko ɗan aji biyu ya san wanda ya ci wani.
Da safe na mayar da takarda, na ce ba ni sayen kifi a ruwa.

Wata biyu, sai ga ta'aziyya a Badagishiri.
A hanyar komowa, rana tsaka, Fijo ta yi tari sau biyu
ta sunkuya gefen gudurun.
Ni mushen lakwal, ita mushen hanya,
muna kallon juna.
Na taka zuwa dutsen kilo na share shi da hula.
Ashirin da takwas.
Na sake sharewa. Bai ƙaru ba.

Mai kamyon albasa ya ja mu a jikka goma sha biyar,
igiyarsa ta tafi da farshok a bakin gari,
walda ta ci huɗu.
Na koma bayan ƙyaure:
bakwai da sha biyar da huɗu,
ashirin da shida.
Jikka ɗaya tak Asumana ya fi ni gaskiya,
jikka ɗaya da yinin ƙishirwa.

Tsahara ta kira daga Yamai tana dariya.
"Baba, ba ragi ake saya ba, barci ake saya."
Na ce ke da ke kan hanya kowane wata, sayi naki.
Ni shekara tara ina tuƙa ta, wannan ce faɗuwar fari,
in na raba ta tara, har yanzu ni ke da riba.
Ta ce, "Motar tana komawa yarinya ne?"
Na ce layin ba ya da kyau.

Jiya Asumana ya koma sallama.
Katin bana ya zama jikka talatin.
Na ba shi tabarma, na ba shi ruwa,
na shiga ɗaki neman alli.
Saura kamar ƙwayar wake.