Minti Shida

A hawa na talatin da ɗaya, kan titin Faria Lima,
yanka yini muke yi kamar mahauci da tsoka:
minti shida, minti shida,
kowane yanki da kuɗinsa.
Lauyoyi ɗari huɗu ne a hannuna.
Na san abin da kowa ya shigo da shi bara,
ban san sunan ɗan kowa ba.

Ni ce Dalva Vilela. Littafin yana wurina.

Tun watan Maris mutanen Landan ke sintiri,
da lema a hannu, da murmushi kamar an auna shi a sikeli.
So suke mu zama gida ɗaya,
ofis arba'in a ƙasa goma sha tara,
riba ta bi wanda ya kamo, ta daina bin furfura.
Na zuba wa alƙaluma ido har ya yi ja.
Ba su yi ƙarya ba.
Kifin da ya ƙi girma abincin wani ne.

Sai sharaɗi na tara, layi biyu kacal:
suna uku sun yi wa ƙofa yawa.

Teobaldo Queiroga, shekara saba'in da takwas.
Shi ya kafa gidan nan a ɗaki guda,
saman shagon mai gyaran takalma,
da keken rubutu mai cije harafi.
Shi ya ɗauke ni lauya
a shekarar da gida uku suka ce sai dai sakatariya.
Bara awa ɗari biyu ya rubuta.
Yaron da muka ɗauka kwanan nan ya ninka shi goma,
a kujera yake kwana, matarsa ma ta bar kiran waya.
Shi kuwa tsoho sai ya kashe wuni
kan rigimar gidan hayar wata matar mamaci,
ya ƙi rubuta ko sisi.

Abokan tarayya sittin da biyu suka ɗaga hannu.
Ni na ƙirga.
Nawa ma na ƙirga.

Na same shi da yamma, yayyafi na lasar gilashi,
jirgi mai saukar ungulu na neman rufin banki.
Ya zuba mini kofi a ɗan ƙoƙon nan nasa mai tsaguwa.
Na fara da kasuwa, na bi ta Singafo, na dawo ta gasa,
ina ta kewaya rijiya, guga na hannuna.
Bai katse ni ba.
Da na gaji ya dubi agogo:
"Minti goma sha takwas, Dalva. Uku ke nan.
Wa za ki rubuta wa?"

Ya yi dariya. Ni ban iya ba.

Ran Asabar aka zo da tsani,
aka kwance haruffan tagulla ɗaya bayan ɗaya.
Bango ya ƙi mantawa,
inuwar sunan na nan, ta fi kewayenta haske.
Mai fenti ya ce sai an shafa sau biyu,
watakila uku.

Na hau sama na buɗe littafin.
Akwai gurbin sunan mai biya, akwai gurbin awa,
akwai gurbin bayani.
Na rubuta uku.
Sauran guraben har yanzu suna kallona.