Sanyi Mai Ƙofa

Agusta a Dubai, rana ta zare takobi,
kwalta na huci kamar bakin tanderu,
tsuntsu ya buɗe baki ya kasa kuka.
Jikata Hessa ta ja ni da hannun riga:
"Kaka, taso, yau za ka taka ƙanƙara."

Na ce, ke 'yar nan, shekarata saba'in da huɗu,
ban taɓa jin sanyi mai ƙofa ba.
Ashe yana da ita, har da mai gadi,
har da layi, har da tikiti.
Can bayan shagon agogo da na turare
aka ɗaure hunturu a turke kamar rago,
ana kiwonsa da dusa, dusar ƙanƙara.

Suka ba ni rigar haya mai warin wani,
na ɗora kan farar rigata,
da takalma masu nauyin anga.
Ubana ya sha nutso neman lu'ulu'u
da dutse ɗaure a ƙafarsa.
Ga ɗansa da nauyi a ƙafa, ba teku,
yana tafiyar agwagwa, yara na dara.

Ƙofa ta buɗe.
Sanyi ya mare ni marin da ba a ramawa.
Numfashina ya fito fari fat, na gan shi,
na ce, ashe haka kake, abokin tafiya,
duk zaman nan ba mu taɓa gaisawa ba.
Sama fenti ce, taurari ƙwan lantarki,
bishiyoyin ko tsuntsu bai san da su ba,
tudun kuwa ƙarfe ne ya sha farar hoda,
amma haƙorana sun gaskata, suna ƙara.

Wajen kujerun da ke yawo a kan waya
wani saurayi ya riƙe mini gwiwar hannu.
Ngima, in ji ƙirjin rigarsa. Daga Nepal.
Na ce, irin ta garinku ce wannan?
Ya duba ƙasa, ya shure ta da takalmi.
"Tamu tana da ƙanshin hayaƙin itace,
tana zuwa ba wanda ya kira ta.
Wannan inji ke haihuwarta da dare.
Shekara uku ban ga tamu ba.
Inna ta ce dutsen bayan gidanmu
ya soma sanƙo, baƙinsa na leƙowa."
Sai ya saukar da ƙarfen kujerar:
"Riƙe da kyau, Baba, a yi hattara."

Na hau ina lilo tsakanin rufi da ƙasa,
maganarsa zaune kusa da ni.
Ƙasa can Hessa ta sulalo kan sanduna biyu,
jan gyalenta na bin ta a guje,
kamar alƙalami a kan sabuwar takarda.
Ni tayar roba aka ba ni.
Na yi bismilla, duniya ta juya sau uku,
na yi ihun da rabona da shi tun ina yaro,
na ƙare a kife, gemu cike da gari,
na ce wa mai turawa: ƙara!

Awa biyu muka saya, suka ƙare.
Na dunƙule kaɗan na sa a aljihu
saboda Mouza, da ciwon gwiwa ya hana ta zuwa.
Kafin mu gano inda muka ajiye mota
tsarabar ta bi cinyata ta sauka.
A gida ta ce, "Me ka kawo mini?"
Na kama hannunta na sa a aljihun.
Ɗan danshi ya rage, shi ma da ɗumi.
Ta ce, "Gumi ne, Ubaid."
Ban musa ba. Ina tuna Ngima,
yana can har yanzu, cikin safar hannu,
yana ɗora baƙi a kan kujera.