Kumandan

A Kasuwar Dole ta saye shi, ran Alhamis,
jikka goma sha biyu, bayan ciniki har da rantsuwa.
Ya zo gida a bayan kabu-kabu, ƙafafu ɗaure,
yana yi wa Damagaram kallon raini.

"Na Kyari ne," in ji Iya Tasalla.
"Ya ce ƙaramar Sallar bana
daga Arlit zai sauko."

Wata bakwai muna yi wa talotalo bauta.
Dusar gero da safe, ganyen salati da marece,
ruwan da muka bi wa layi tun asuba
shi ke fara tsoma baki.
Ya sauke zakara daga kan turmi,
ya raka mai garuwa da gudu har zaure.
In ya baza wutsiya, ya ja fiffike a ƙasa,
wuya ya yi ja, ya koma shuɗi,
sai Iya ta ce, "Ku ba Kumandan hanya."

Ran jajibiri an daka masoro da kanumfari,
albasa ta sa mu kuka,
Malam Harisu ya wasa wuƙa a bakin dutse,
sai wayar Iya ta yi ƙara.
Ta saurara. Ta ce to. Ta sake cewa to.
Ta ce, "Malam, kamo zabin can biyu."

Haka ya tsallake Sallah ɗaya.
Ta biyu, an ce hanya ba kyau.
Kumandan ya tsufa, ya yi taurin ƙirji,
mu kuma mun daina tambaya.

A ta uku ba ta jira waya ba.
Ita ta riƙe masa fikafikai,
ta kau da kai.

Sai da ya cinye itace rabin kura kafin ya yi laushi.
Shinkafa ta sha romo,
kwanoni suka bi lungunan Birni:
gidan liman, gidan majema,
har mai garuwa ya rama gudunsa da cinya guda.

Ɗayar ta soya ta har ta bushe,
ta danna a gwangwanin madara, ta ɗaure da tsumma,
na kai tasha, na rubuta sunan Kyari a murfi.

Kashegari zakara ya koma kan turmi.
Na yi fito, don sabo.
Ba wanda ya amsa.
Iya ta fito da ƙwaryar dusa,
ta tsaya tsakar gida,
ta daɗe.