Gara Ta Riga Ni

An ɗauke wuta ƙarfe goma da kwata.
Na san lokacin, don fankar ajinmu
ta yi juyi uku, ta yi tari, ta tsaya
kamar tsohuwar da ta manta abin da ya kawo ta ɗaki.

Malam Ovidio ko ɗaga kai bai yi ba.
Ya ci gaba da goga guntun alli a allon da ya tsage
tun zamanin da mahaifiyata ke zama a bencin nan.
Ga sunanta, Nélida, an sassaƙa da tsinin almakashi,
dab da ƙusar da ta yaga min siket ran Litinin.
Benci ya ci uwa, yanzu yana cin 'ya.

Maracaibo da tsakar rana tanda ce, ba gari ba.
Gumi ya bi gwiwar hannuna, ya ɗiga a takarda,
tawada ta baje,
amsata ta koma taswirar ƙasar da ban taɓa zuwa ba.

Madubin duba ƙwayoyin cuta uku gare mu.
Ɗaya makaho, ɗaya ya karye a wuya,
na ukun sai da wuta.
Neiro ya tura fitilar wayarsa ƙarƙashin gilashi,
muka yi layi, mu ashirin da shida,
kowa ya leƙa da ido ɗaya, ya ce ya gani.
Da layi ya zo kaina cajin ya ƙare.
Ni ma na ce na gani.

Bara mu arba'in ne.
Yorbelis ta ƙetare iyaka da jaka ɗaya,
'yan biyun gidan Atencio suna wanke motoci a wata ƙasa.
Ba mai zama a kujerunsu,
ba don kara ba,
ƙafafun ne suka zube.

A ɗakin karatu na nemi babi na bakwai,
na tarar gara ta riga ni.
Ta cinye tsarin jini kaf, ta bar min tambayoyin ƙarshe.
In da adalci, ita za a ba takardar shaida.
Bokiti huɗu na jiran damina ƙarƙashin silin,
famfon bayan gida kuwa ya shekara yana azumi.

Shugabar makaranta ta tara mu a inuwar mangwaro,
ta ce mai haƙuri yakan dafa dutse.
Na ɗaga hannu.
Na ce: Malama, da wace wuta?
An yi dariya. An rubuta sunana.

Da dare kakata Chinca ta kwashe naman firji
tana barbaɗa masa gishiri, tana zagi ƙasa-ƙasa.
Na hau rufin gida da littafi da guntun kyandir,
sauro na yi min bitar darasi a kunne.
Can kudu, a ƙarshen tafki,
walƙiya na ta wasa, ba tsawa, ba gajiya,
wuta kyauta, dare bayan dare, ba mai kawo takardar biya.
Ƙarƙashin ruwan kuma mai ne kwance,
wanda kakana ya ƙarar da ƙashin bayansa wajen haƙowa.
Sama wuta, ƙasa mai,
mu a tsakiya muna tattalin ashana.
Ga ƙoshi, ga kwanan yunwa.

Ƙarfe uku saura aka kawo ta.
Unguwa ta ɗauki ihu kamar an ci ƙwallo,
wannan ya jona waya, waccan ta ɗora dutsen guga,
injin ruwan maƙwabta ya fara gurnani.
Ni ban ji ba.
Barci ya sace ni, kumatu a kan shafi na casa'in,
kakin kyandir ya daskare a gashina.

Gobe jarrabawa, ƙarfe goma.
Na fere fensir biyu.
Zan zauna kusa da taga, a gefen sunan Nélida,
in karkata kaɗan saboda ƙusar.