Daga Cusco Zuwa Lima

Kakata Teodosia ta ƙulla dafaffiyar masara a mayafi,
da cuku, da dankali goma sha biyu.
Guzurin yini da kwana, in ji ta,
haka hanyar Lima take ci tun tana budurwa.

Na ce, Kaka, awa ɗaya ce da ɗoriya.
Ta yi mini kallon da take yi wa mai awon ulu
in ya danne sikeli da yatsa.

Jirgi ya ɗaga.
Duwatsun da suka cinye takalman kakana Nemesio
suka koma kunyoyin gona a ƙarƙashin taga.
Ta nemi Abancay, inda mota ke tsayawa a sha romo,
gajimare ya hana.

Ba ta gama ɓare dankali na biyu ba
aka ce a ɗaura ɗamara, ga teku.

A filin jirgi ta zauna kan jakarta, ta ƙi motsi.
Kaka, likita na jira.
Ta ce, Wilber, gangar jikina ce ta iso.
Kurwata tana can baya, cikin mota,
tana zagaya dutse a hankali.
Miƙo masarar nan,
mu jira ta.