Ɗaki na Tara

Gara in faɗi gaskiya: ba tausayi ne ya kai ni ba.
Malama Berta ce ta manna takarda a bangon aji,
ana neman ’yan ajin ƙarshe masu aikin sa-kai,
gidan tsofaffi, ran Asabar, awa biyu.
Ni kuwa fom ɗin tallafin karatu yana da gurbi guda,
“Me kika taɓa yi wa al’umma?”
Gurbin yana kallona kamar bakin rijiya.

Valdivia a watan Yuni, ruwa ba ya sallama.
Na haye gada da laima mai karyayyen haƙarƙari,
littafin lissafi a leda, a ƙarƙashin riga,
ƙarnin kifin rumfar mamata bai bar hannuna ba.
Aka ce, “Ɗaki na tara.
Ba ya gani, ba ya son surutu.”

Don Eleuterio.
Shekara arba’in da ɗaya yana fiton mutane a kogi,
yanzu duniyarsa gado ce, da rediyo, da taga
wadda ya ce a bar masa a buɗe, ko da sanyi zai kashe shi.
Na buɗe jarida. Ya ce, “Tsallake ’yan siyasa.
Karanta mini lokacin da teku zai cika,
da lokacin da zai janye.”
Na karanta lambobi tsirara,
shi kuwa yana gyaɗa kai kamar mai jin labarin gida.

Asabar ta huɗu na yi satar lokacinsa,
na zaro littafina ina gunaguni:
jirgi na gudun kaza, ruwa na ja da baya da kaza,
yaushe zai kai gaci?
“Minti hamsin,” in ji shi, tun ban ɗauki fensir ba.
Na duba bayan littafi. Hamsin ɗin ce.
Ya ce, “Amma wanda ya rubuta tambayar nan
bai taɓa jiƙa ƙafarsa ba.
Ina iska? Ina matar da ta makara da kwandon kaji?”

Daga nan muka raba awa biyun:
ɗaya ta teku, ɗaya ta jarrabawa.
In na faɗi, ya buga sanda a ƙasa.
In na ci, ya yi shiru, yabonsa ke nan.
Ran da na yi kuka kan kuɗin haya a Concepción
bai lallashe ni ba,
cewa ya yi, “Ximena, kowa a tsorace yake shiga jirgi.
Ki zauna a tsakiya kawai.”

Sati biyu na jarrabawa ban leƙa ba.
Da na dawo ya juya wa ƙofa baya,
sai da na karanta masa jadawalin kwana goma sha huɗu
da suka riga suka wuce, kaf,
sannan ya tambaya, “Jirgin ya fito?”
Na ce, “Jirgin ƙasa suka kawo.”
Ya yi tsaki, muka yi dariya har nas ta leƙo.

Gurbin nan na cike shi: awa arba’in da shida.
Sun karɓa, sun buga hatimi, sun ba ni ɗaki da abinci.
Har yau in na tuna layin, kunya nake ji,
don ban san wa ya yi wa wani aikin ba.

Jiya na kai masa Nahuel, ɗan aji uku,
wanda shi ma fom ne ya koro shi, na gani a idonsa.
Yana karatu kamar ana bin sa da gudu.
Ina saukowa daga bene da jakata
na jiyo sanda ta bugi ƙasa:
“A hankali, yaro.
Teku ne, ba gobara ba.”